Wuƙaƙe Uku Sun Ishi Uwargida

Idan Bahaushe ya so ya nuna cewa mutum ya mallaki al'amari gaba ɗaya, sai ya ce wuƙa da nama suna hannunsa. To, a kowane gida akwai wadda wannan magana ta hau kanta a zahiri, safe da yamma, watau uwargida. Sai dai in mutum ya leƙa madafin gidaje da dama, zai tarar naman kam yana hannunta, wuƙar ce abin tausayi: ko ta dakushe har ba ta iya ratsa fatar tumatir, ko ƙotarta ta tsage an ɗaure da tsumma, ko kuwa tsininta ya karye wajen buɗe gwangwanin madara.

Abin mamakin shi ne, galibin irin waɗannan gidaje ba rashin wuƙa ke damunsu ba. An shiga yayin sayen wuƙaƙe jeri guda, goma ko goma sha biyu, a soke cikin wani ɗan katako mai ramuka, a jera su cikin kayan ɗakin amarya domin 'yan ganin ɗaki su yaba. Kafin shekara ta zagayo sai ka ga biyu kaɗai ake taɓawa, su ma sun gaji, sauran kuwa suna nan sun yi ƙura, ba wanda ya san aikin da aka ƙera su dominsa. Ga kuɗi an kashe, ga aiki bai yi sauƙi ba, ga yatsun mai girki kullum cikin rauni. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wannan magana ba ta shiga madafi ba. A can, wuƙaƙe uku na ƙwarai waɗanda ake wasawa a kan kari sun fi goma sha biyu na ado. Abin da za mu duba ke nan a wannan mako: waɗanne uku ne, yaya ake gane su a kasuwa, kuma yaya ake riƙe su har su daɗe.

KOWA DA IRIN ABINCINSA

Masanan girki na ƙasashen Turai su ma uku suke ƙirgawa: babbar wuƙa ta kowane aiki, da ƙarama ta fere kayan marmari, da doguwa mai haƙora kamar zarto ta yanka burodi. Ta ukun nan tana da dalili a wurinsu, domin burodinsu yana da ɓawo mai tauri, kuma namansu yakan zo daga kanti an riga an raba shi da ƙashi. Mu kuwa ba haka al'amarinmu yake ba. Burodinmu mai laushi ne, ko a sayo shi a yanke, ko a gutsura da hannu. Abin da ke jiran uwargida a nan shi ne doya mai kauri, da kabewa mai taurin baya, da rogo, da kazar gida mai ƙwarin ƙashi, da ƙafar saniya, da kan rago, da busasshen kifi. A gefe guda kuma ga aikin da ke son laushin hannu: yankan kuɓewa, da albasa, da attaruhu, da alayyafo wanda ake so a yanka shi siriri. Saboda haka biyun farko mun yarda da su, amma ta ukunmu wuƙar sara ce.

TA FARKO, BABBAR WUƘA

Wannan ita ce uwar ɗakin sauran, kuma a kanta ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Tsawon ƙarfenta, ban da ƙota, ya kai kamar inci 8, watau santimita 20. Tana da faɗi a gindi, ta tafi tana tsukewa har zuwa tsini, bakinta kuma yana da ɗan lanƙwasa. Faɗin nan yana da amfani biyu: yana hana gaɓoɓin yatsu bugun katako in ana yanka, yana kuma ba da damar a kwashe abin da aka yanka a zuba a tukunya. Da ita ake raba doya, a yanka tsokar nama, a daddatsa kabeji da karas, a yanka ganye tuli guda a lokaci ɗaya. Wadda hannunta ƙarami ne, ko take jin tsoron tsini, tana iya neman irin ta mutanen Japan da ake kira santoku, wadda ta ɗan fi gajarta, kamar inci 7, kuma kanta a dunƙule yake. Duk aikinsu ɗaya ne. Abin lura dai shi ne kada a sayi wadda ta fi ƙarfin hannun mai aiki da ita, domin wuƙar da ta yi wa mutum nauyi ita ce ke juya shi.

TA BIYU, ƘARAMAR WUƘA

Iyayenmu mata da yawa ba su saba da katakon yanka ba. A tafin hannu suke riƙe albasa ko kuɓewa, su riƙa jawo wuƙa zuwa wajen babban yatsa, da sauri kuma ba tare da sun duba ba. Wannan gwaninta ce da aka gada, amma ba ta yiwuwa lafiya sai da ƙaramar wuƙa marar nauyi, mai tsawon inci 3 zuwa 4. Yin irin wannan yanka da babbar wuƙa ganganci ne. Da ƙaramar ake fere dankali da lemo, a cire idon abarba, a ɓare tafarnuwa da citta, a tsaga attaruhu a fitar da 'ya'yansa, a gyara cikin kifi. Ita ba ta bukatar tsada. Ta fi kowace saurin ɓacewa, domin sau da yawa tana bin ɓawon doya zuwa bola, saboda haka mai matsakaicin kuɗi mai ƙota mai launi, wadda ido zai yi saurin gani, ta wadatar.

TA UKU, WUƘAR SARA

Babu abin da ke kashe wuƙa mai kyau kamar ƙashi. Bakin babbar wuƙa siriri ne, an yi shi domin yanka. In aka sari ƙashin rago da ita sau ɗaya, bakin zai lanƙwashe ko ya ɓantare, kuma gyaransa sai an ci ƙarfe mai yawa. Don haka tilas gida ya kasance da wuƙa mai kauri da nauyi, ko irin mai faɗi mai kusurwa huɗu da ake sayarwa a kanti, ko 'yar gajeruwar adda irin ta mahauta. Nauyinta ne ke yin aikin, ba ƙarfin damtse ba. Da ita ake datsa kaza, a sara ƙashi, a fasa kwakwa, a raba kabewa. Tana bukatar kututturen itace mai kauri a ƙarƙashinta, kuma a nan ne maƙerin gida ya fi kanti nesa ba kusa ba.

ƘARFEN MAƘERI DA ƘARFEN KANTI

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken kayan tarihi sun tono matoyan narka tama na mutanen Nok waɗanda suka haura shekara 2,000. Garuruwan Hausa da yawa suna da unguwar maƙera da Sarkin Maƙera, a Kudu kuma garin Awka ya yi suna da wannan sana'a tun kaka da kakanni. Maƙeran yanzu sun bar narka tama, sun koma ga tsohon ƙarfe, kuma wanda suka fi so domin wuƙa da adda shi ne sifirin na mota. Suna da gaskiya, domin ƙarfe ne mai isasshen sinadarin kabon, wanda shi ne ke sa ƙarfe ya yi tauri in an gasa shi ya yi ja aka tsoma cikin ruwa ko mai. Irin wannan wuƙa tana ɗaukar kaifi sosai, tana da sauƙin wasawa a kan dutse, ba ta kuma da tsada. Dubi masu kilishi yadda suke shimfiɗa tsoka ta zama kamar takarda. Yawancinsu da wuƙar maƙeri suke wannan aiki. Aibinta ɗaya ne: tana tsatsa. In aka bar ta da danshi, ko aka yanka lemon tsami ko tumatir ba a goge ba, nan da nan za ta canza launi, wani lokaci har ta bar ɗanɗanon ƙarfe a jikin albasa.

Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1913 ne wani masanin ƙarfe mai suna Harry Brearley, a birnin Sheffield na Ingila, yana neman ƙarfen da zai jure wa zafi a bakin bindiga, ya haɗa wani mai ɗauke da sinadarin kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100, sai aka lura tsatsa ba ta kama shi. Ba a jima ba maƙeran birnin suka fara yin wuƙaƙe da shi. Ƙa'idar da ake bi har yau ita ce, sai kuromiyam ya kai aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100 kafin a kira ƙarfe marar tsatsa. Amma fa a kula: rashin tsatsa daban, riƙe kaifi daban. Cokali ma ba ya tsatsa, amma ba ya yanka komai. Yawancin wuƙaƙen ado masu araha an yi su ne da ƙarfe mai ƙarancin kabon, shi ya sa suke ƙyalli kamar madubi amma ko an wasa su da safe, kafin azahar sun kwanta.

Masana'antu suna auna taurin ƙarfe da wani ma'auni da ake kira Rockwell. Wuƙaƙen Jamus na ƙwarai sukan tsaya wajen 56 zuwa 58, na Japan kuwa sukan kai 60 ko fiye. Mai tauri sosai ta fi daɗewa da kaifi, amma ta fi saurin ɓantarewa, kuma wasa ta sai gwani. Ga irin aikin gidajenmu, inda hannu da yawa ke taɓa wuƙa ɗaya, mai matsakaicin tauri ta fi dacewa. Haka nan farar wuƙar nan ta tangaran da ake talla, kaifinta ba magana, amma in ta faɗi ƙasa ko ta gamu da ƙashi ta tashi daga aiki, kuma dutsen gida ba ya wasa ta.

Shawarar wannan fili ita ce a raba ƙafa. Babbar wuƙa da ƙarama, waɗanda kullum suke cikin ruwa da tsami, a nemi marasa tsatsa masu nagarta. Wuƙar sara kuwa a je wa maƙeri, a faɗa masa tsawon da nauyin da ake so. Kuɗin ya tsaya a unguwa, kuma in ta sami matsala ga mai ita nan kusa.

IN AN SHIGA KASUWA

Kada suna ya ruɗi mai saye. Gaskiya ne akwai garuruwan da suka shahara da wuƙa, irin su Solingen a Jamus da Seki a Japan, akwai kuma kamfanoni masu daɗaɗɗen tarihi kamar Wüsthof da aka kafa a 1814 da Victorinox na ƙasar Suwizalan da aka kafa a 1884. Har doka Jamus ta yi tun 1938 domin kare sunan Solingen daga masu jabu. Amma buga suna a jikin ƙarfe ba shi da wuya, kuma wuƙar da aka rubuta wa babban suna ana sayar da ita kuɗin ƙwai biyu, ai ta faɗi gaskiyarta da kanta. Araha ba ta ado. Haka kuma ba duk abin da ya fito daga ƙasar Sin ne na banza ba. Can ma akwai mai kyau akwai marar kyau, gwargwadon kuɗin da ɗan kasuwa ya biya. Hannu da ido su ne alƙalai, ga kuma abin da za su duba.

Da farko a dubi ƙota. Wuƙa ta ƙwarai ƙarfenta yakan zarce cikin ƙota har ƙarshe, a gan shi a tsakanin ɓari biyu, an ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku waɗanda suka kwanta daidai ba sa sukar hannu. Akwai kuma masu ƙotar roba da aka narka a kan ƙarfen, su ma in na kamfanin kirki ne suna da ƙarko, kuma ba sa santsi. Wadda za a guje wa ita ce mai ɗan guntun ƙarfe da aka cusa cikin roba marar nauyi, domin ranar da aka danna ta a kan doya, ranar za ta rabu biyu a hannu. A girgiza ta: in ƙota tana motsi, a ajiye. A duba mahaɗar ƙarfe da ƙota: in akwai rami ko tsaga, nan jini da maiƙo za su riƙa taruwa.

Na biyu, a ɗaga ta a kalli bayanta daga ƙota zuwa tsini kamar mai duba miƙewar sanda. In ta karkace, ba za ta taɓa yanka daidai ba. Na uku, a ɗan danna tsinin babbar wuƙa a kan katako: in ta lanƙwashe kamar gwangwani, ba ta da jiki. Na huɗu, a riƙe ta yadda za a riƙe ta a madafi, a ji ko ta zauna a hannu, a tuna kuma cewa hannun zai kasance da ruwa ko mai. Na biyar, a nemi takarda a gwada: mai kaifi tana ratsa takarda shar, dakusasshiya kuwa yaga take yi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Masu fenti mai launi a jikin ƙarfen kuwa, da masu ƙananan haƙora da ake cewa ba sa bukatar washi har abada, a bar wa mai kanti kayansa: fentin yana ɓarewa ya shiga abinci, haƙoran kuma in sun cinye ba sa gyaruwa a gida.

DAKUSASSHIYA TA FI YANKA MUTUM

Mutane da yawa suna barin wuƙa ta dakushe da gangan, wai don kada ta yanki yara ko mai aiki. Wannan kuskure ne babba. Wuƙa mai kaifi tana kama abin da aka ɗora ta a kai, ta shige da ɗan ƙarfi kaɗan. Dakusasshiya kuwa sai an danna, in an danna sai ta zame daga fatar albasa ko bayan kabewa, ta sauka da dukan ƙarfin nan a kan yatsa. Har hawayen albasa ma ya fi yawa da ita, domin murƙushe albasar take yi, ruwan mai yaji ya fantsama.

Wasawa ba ta da wuya. A sami dutsen washi mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi, a jiƙa shi da ruwa, a ɗora a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. A tsayar da wuƙar a miƙe a kan dutsen, a kwantar da ita rabi, a sake kwantar da rabin wannan. Kusurwar da aka samu, wajen digiri 20, ita ake so. A riƙa tura bakin a kan dutsen tun daga gindi har tsini, ba tare da canza kusurwar ba, har a ji ɗan kaushi ya taso a ɗaya gefen. Sa'an nan a juya a yi wa ɗayan haka, a ƙarasa a gefen dutse mai laushi, a wanke. Sandar ƙarfen nan da ake gani a hannun mahauta ba ta cin ƙarfe sosai. Aikinta miƙar da bakin da ya kwanta, shi ya sa suke goga ta a kai a kai. Goga wuƙa a dandamalin siminti kuwa yana ba da kaifin minti biyar, ya cinye ƙarfen shekara. Masu injin washi da ke zagayawa unguwa suna da amfani ga adda da gatari, amma in za a ba su wuƙa mai kyau a roƙe su su riƙa tsoma ta a ruwa, domin in bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi ke nan.

Abin da ake yanka a kai shi ma yana da muhimmanci. Katako ko allon roba su ne abokan wuƙa. Faranti, da tiren ƙarfe, da gilashi, da tayil, duk maƙiyanta ne.

TSABTA DA AJIYA

A nan ne maganar ta wuce ta kuɗi ta zama ta lafiya. Ɗanyen nama, musamman na kaza, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa amai da gudawa da zazzaɓi. Wuta tana kashe su a cikin tukunya. Amma in aka gama gyaran kaza, aka ɗauki wuƙar nan da katakon nan aka yanka kabeji da tumatir da kokwamba waɗanda za a ci ɗanye, to an kai cutar har bakin yara ba tare da ta bi ta wuta ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a fara da abin da za a ci ɗanye, a ƙare da nama, in kuwa nama ya riga, a wanke wuƙa da katako da hannu da sabulu kafin a taɓa wani abu. Wanda ya sami hali ya ware katako guda domin nama kaɗai. Rigakafi ya fi magani.

Da an gama aiki a wanke wuƙa nan take, a goge ta ta bushe. Ta maƙeri a shafa mata ɗan man gyaɗa. Kada a jefa wuƙa cikin kwanon wanke-wanke mai kumfa, domin yarinyar da za ta sa hannu ba ta san tana ciki ba. Kada a zuba ta cikin cokula tana karo da su. A yi mata kube, ko na fata ko na kwali mai kauri, a ajiye inda hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. In za a miƙa wa wani, a miƙa ƙota. In ta suɓuce, a ja da baya a bar ta ta faɗi; ba a cafe wuƙa. In kuma tsautsayi ya faɗa, a wanke raunin da ruwa mai tsabta a danne shi da tsumma mai tsabta. Idan ya yi zurfi ko jini ya ƙi tsayawa, a nufi asibiti, a kuma tambayi allurar rigakafin cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus.

Wataƙila wani zai ce, ina wuƙar layya? Ita ba ta cikin lissafin madafi. Doguwa ce ta yanka, ta maigida, kuma malamai sun karantar da mu cewa a wasa ta sosai domin a sauƙaƙa wa dabba, kada kuma a wasa a gabanta. In an gama hidimar salla a wanke ta, a shafe ta da mai, a mayar kube sai baɗi. Ba a fere doya da ita.

Daga ƙarshe, kira ga iyayen amare da magidanta. Ku da kuke fitar da kuɗin, ku tambayi masu girkin kafin ku saya, in da hali ma ku bar su su riƙe wuƙar a hannunsu a kasuwa. Kuɗin da za a zuba a jerin goma sha biyu na ado, in aka sayi babba ɗaya ta ƙwarai, da ƙarama, da ta sara daga maƙeri, da dutsen washi, da katako biyu, sau da yawa har canji zai ragu. 'Yan ganin ɗaki kwana ɗaya za su yi su watse, amarya kuwa da wuƙar nan za ta ciyar da gida shekara da shekaru.